Tarihin Koya wa Mai Jego Shayarwa a Kafanchan



Akwai wata gardama da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Yarinya ta haihu a asibiti, kafin a sallame ta nas ta ja mata kunne cewa kada ta bai wa jariri komai sai nono har ya cika wata shida, ko da ruwa ne. An dawo gida, uwar miji ta ji wannan magana, sai ta ce ita tara ta haifa ta yaye, kuma babu wanda ba ta ɗura wa ruwa ba tun ranar farko. Maigida yana tsakiya, ga uwa ga mata. Sau da yawa maganar takan ƙare a zauren malamai, a zo ana tambaya: "Malam, hana jariri ruwa a wannan zafi ba zalunci ba ne?"

Tambayar tana da nauyi, don ran ɗan Adam ake magana a kai. Kafin a amsa ta kuwa, ya kamata mu san inda darasin asibitin ya samo asali, da wanda yake koya wa mai jego shayarwa kafin a san asibiti a garin nan.

Makarantar ungozoma

Kafin layin dogo ya iso a 1927, babu Kafanchan irin wadda muka sani yau. Mutanen Fantswam suna ƙauyukansu, fadar Sarkin Jama'a kuma sai a 1933 aka dawo da ita nan. Kakanninmu da suka biyo jirgi daga Kano, Zariya, Katsina, Bauchi da Borno, wato fatake da mahauta da maɗinka da malamai da leburori, sun zo da matansu. Matan kuwa sun zo da ilmin jego a ka, babu littafi babu allo.

Malamar farko ita ce ungozoma, tsohuwar da ta daina haihuwa. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Sai uwar mai jego, musamman a haihuwar fari, tunda akan tafi goyon ciki gidan iyaye. Kwana arba'in mai jego ba ta daka ba ta surfe. Safe da yamma a yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko na tsamiya, daga baya aka shigo da darbejiya. A dama mata kunun kanwa, a dafa ƙauri, a daka yaji. Wanda yake son ganin wannan rayuwa a rubuce ya nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta zauna da Baturiya Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Wankan jego, suna, goyo da yaye duk suna ciki.

A gaskiya wannan makaranta ta dace a abubuwa da yawa. Ana shayarwa har kusan shekara biyu. Yaro yana bayan uwa da rana, yana gefenta da dare, in ya motsa a ba shi, babu duba agogo. Ana hutar da uwa, ana ciyar da ita. Sannan abin kunya ne mace ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a baya, don tsofaffi sun lura yaron da aka cire daga nono ba shiri shi ne yake ramewa, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. Sukan ce ya sha ciki.

Amma akwai inda makarantar ta kuskure, kuma a kwanakin farko ne. Nonon da yake fara zuwa, dakashi, mai kauri ne, rawaya-rawaya. Tsofaffi suka ɗauke shi ƙazanta, suna kamanta shi da mugunya, sai a tatse a zubar. Wasu gidajen sai an gwada nono tukuna: a tatsa a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta fita a ce nono mai kyau ne, in ta mutu a ciki a ce akwai mugun abu, sai an yi wa uwa magani. Kafin a gama wannan an kwana biyu ko uku, jariri yana shan ruwan ɗumi, ko nonon akuya, ko zuma, ko ruwan dabino. Ga dauri da ake ɗura masa, ga wanzami da zai zo cire beli, bakin ya yi ciwo ya kasa kama nono. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda takan sa yarinya ta kau da kai daga ɗanta yana kuka, don kada a ce ta cika rashin kunya.

Kada mu yi wa tsofaffin nan dariya. Mutane ne da suka binne 'ya'ya da yawa, suna neman dalili da iyakar abin da idonsu ya gane musu. Ba su da na'urar ganin ƙwayar cuta a cikin ruwan rijiya.

Abin da aka karantar a zaure

Ta ɓangaren addini, shayarwa tana da babi guda a fiƙihu, kuma duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya bi ta kansa. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara aya ta 233, ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Suratu Luƙman aya ta 14 ta sake ambaton shekara biyun. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ta wajabta a biya matar da aka saka ladan shayarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, tsotsa ɗaya tak a cikin shekara biyun nan ta isa ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. Mai shayarwar da ta ji tsoron azumi zai cutar da ɗanta, kuma babu wata mai shayar mata, an ba ta dama ta sha, ta rama daga baya, ta kuma ciyar. Shi kansa Manzon Allah, mai tsira da aminci, bayan mahaifiyarsa Amina, Suwaiba ta shayar da shi, sannan Halimatus Sa'adiyya.

Akwai labarin Sayyidina Umar da ya kamata kowane mai mulki ya sani. Wani ayarin fatake ya sauka Madina, Umar da Abdurrahman bin Auf suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya riƙa jin kukan jariri ba ƙaƙƙautawa. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa yaye shi take yi da ƙarfin tsiya, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Gari na wayewa Umar ya sauya dokar, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kaso tun daga haihuwa, kada wanda ya gaggauta yaye. Kun ga tun wancan lokaci an gane cewa tsarin hukuma yana iya cire yaro daga nono, yana kuma iya mayar da shi.

To a duk waɗannan babu inda aka ce a zubar da dakashi, babu gwajin tururuwa, babu cire beli. Al'ada ce tsantsa. Abin da ya zo a sunna shi ne tahniki, a tausasa ɗan guntun dabino a shafa a ganɗar jariri. Shafawa ce kawai, ba ciyarwa ba, kuma akwai malaman da suke ganin ya keɓanta da Annabi saboda albarkar yawunsa. Ko a wajen masu yinsa, bai zama hujjar cika wa jariri ciki da ruwa ko zuma ba.

Jirgi, asibiti da gwangwani

Jirgin da ya kawo kakanninmu shi ya kawo sauran. Kafanchan ta zama mahaɗa, layi ɗaya ya nufi Fatakwal, ɗaya Kaduna, ɗaya Jos. Aka samu asibitin gwamnati tun zamanin Turawa, wanda daga baya aka sa masa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa bayan rasuwarsa a Disambar 2012. 'Yan mishan suka buɗe wuraren shan magani da na haihuwa a ƙasashen maƙwabtanmu, irin su Kwoi da Kagoro, ga kuma asibitin St. Louis na Zonkwa. Saboda su suka riga mu shiga makarantar boko, yawancin nas-nas da ungozomomin zamani da suka karɓi haihuwar matanmu 'ya'yan Bajju ne da Atyap da Kagoro da Ham da sauran maƙwabta. Har yau haka abin yake a mafi yawan ɗakunan haihuwa, kuma kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma da ke garin nan tana ci gaba da yaye su. Alheri ne da ya kamata a faɗa.

Sai dai abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asibitin zamani da farko bai taimaki shayarwa ba. Tsarin da aka kwaso daga Ingila, wanda manyan asibitoci suka bi shekaru da dama, shi ne a raba uwa da jariri, a kai jarirai wani ɗaki dabam, a riƙa kawo su bisa agogo, duk bayan awa uku ko huɗu. Kafin nono ya kawo a ba su ruwan gulukos. In yaro ya yi kuka tsakani a haɗa masa madara. Uwar da ba a tsotsa sosai nononta yakan ja baya, sai a ce mata ba ta da isasshen nono, ta sayi gwangwani.

A shekarun 1960 da 1970, musamman da kuɗin man fetur suka shigo, madarar gwangwani da bulumboti suka zama alamar wayewa. Matar ma'aikacin reluwe ko ta malamin makaranta in ta fito da bulumboti, sai ta gida ta ga an bar ta a baya. Ana talla a rediyo, ana manna hoton ƙosasshen jariri a bango, kamfanoni suna raba samfuri kyauta a asibitoci. A ƙasashe da dama har 'yan talla ake sa wa fararen kaya irin na nas.

Abin da ya biyo baya lissafi ne mai sauƙi, duk ɗan kasuwa zai gane shi. Gwangwani ɗaya ba ya kai jariri mako guda. Albashi ba ya ɗauka, sai a riƙa rage cokali ana ƙara ruwa don ya yi auki. Ruwan na rijiya ne ko na rafi, bulumboti kuma ba a tafasa shi, ƙuda na bi. Yaro ya kama gudawa, ya rame, nonon uwa kuwa ya riga ya ƙafe. Iyaye sun kashe kuɗi sun sayo wa ɗansu tamowa.

Yadda asibiti ya juyo

Likitocin da suka yi aiki a Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka fara ƙorafi. Wata likita, Cicely Williams, ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ita ce a 1935 ta shigar da kalmar kwashoko cikin littattafan likitanci, daga harshen mutanen Ga, ma'anarta ciwon yaron da aka ture saboda ƙani ya zo. Abin da tsofaffinmu ke kira shan ciki ke nan. A 1939 ta yi wani jawabi mai zafi a Singafo, inda ta ɗaura alhakin mutuwar jarirai a kan tallar madara. Likita Derrick Jelliffe, wanda ya koyar a Ibadan, shi ma ya daɗe yana wannan faɗa. Sannan Likita David Morley, da ya yi aiki a Imesi-Ile ta ƙasar Ilesha tun ƙarshen shekarun 1950, shi ya fito da asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da katin awon nauyi. Katin nan da matanmu ke kaiwa ranar rigakafi, a Nijeriya aka ƙirƙiro shi kafin ya bazu duniya.

A 1974 wata ƙungiya a Ingila ta buga rahoto mai suna The Baby Killer, wato makashin jarirai. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar sayar da madarar jarirai: ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallata madarar ga jama'a, ta hana raba samfuri ga iyaye mata, ta hana bai wa ma'aikatan lafiya kyauta don su tallata.

A gida Nijeriya, lokacin ya zo daidai da zaman Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a kujerar Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, shi kuwa likitan yara ne. A zamaninsa aka ƙarfafa ƙananan asibitocin unguwa, aka yayata rigakafi da ruwan gishiri da sukari. A 1990 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 41 a kan sayar da madarar jarirai, aka gyara ta a 1999, kuma hukumar NAFDAC ke sa ido a kanta. Ga kuma karyewar naira bayan 1986, wadda ta sa gwangwani ya fi ƙarfin talaka. Wasu gidajen tsada ce ta mayar da su kan nono kafin wa'azin likita ya iso.

A watan Agustan 1990 aka yi taro a birnin Florence na Italiya aka fitar da sanarwar Innocenti. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibiti mai ƙaunar jarirai, bisa matakai goma, Nijeriya kuma ta shiga tun farkon shekarun 1990, aka fara da asibitocin koyarwa. Tun 1992 ake makon shayarwa na duniya daga 1 zuwa 7 ga Agusta. Da farko akan ce nono zalla wata huɗu zuwa shida, sai a 2001 aka tsayar da wata shida cif. Don haka darasin da nas ke yi wa 'ya'yanmu yau, asibiti ne yake gyara ɓarnar da aka yi da hannunsa, kuma a wurare da yawa ya dawo kan abin da kakanninmu ke yi: uwa da ɗa wuri ɗaya, a ba shi duk lokacin da ya nema, a kai shekara biyu.

Darasin da dalilansa

Wurare biyu ne asibiti ya saɓa wa tsofaffi: dakashi da ruwa. Ga dalilan.

Ana so a ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Jikin uwa yana ɗumama shi. Tsotsarsa tana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, kuma mun san zubar jini yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a wajen haihuwa. Dakashi kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Allah Ya cika dakashin da sinadaran kariya daga cuta, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kiransa rigakafin farko. Yana kuma taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashin nan na farko, abin da ke rage shawara. Ko Fulanin da ke kewaye da mu ba sa hana ɗan maraƙi dakashin uwarsa, sun san wanda bai sha ba da wuya ya yi ƙwari.

Nono sosai yakan kawo ne a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma tsotsa ce ke kiransa. Gwargwadon yadda aka tsotsa, gwargwadon yadda yake zuwa. Shi ya sa ake cewa a ba shi aƙalla sau takwas zuwa goma sha biyu tsakanin dare da rana. Nas takan nuna yadda ake kamawa: ciki ya fuskanci ciki, baki ya buɗe sosai, haɓa ta taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono. In kan nono kaɗai ya kama, uwa za ta ji ciwo, ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Alamar yana samu ita ce fitsari kamar sau shida a yini bayan kwanakin farko, da nauyi da ke hawa a kati.

Batun ruwa kuwa, shi nono kusan kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne, tatacce, ba ƙwayar cuta. Ko a zafin Maris da Afrilu ya ishe shi, in ya ji ƙishi sai a ƙara ba shi nono, uwa kuma ta sha ruwa ta ƙoshi. Ruwan da aka ba shi a kofi yana cike gurbin nono a ɗan ƙaramin ciki, yana rage tsotsa, yana kuma iya shigo da gudawa. Zuma, duk da albarkarta, likitoci sun hana a bai wa yaron da bai kai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Mai son yi wa jariri addu'a ya tofa masa, ba sai an ɗura masa komai ba. Wannan ita ce amsar tambayar da ake kawowa zaure: wanda aka ba shi abin da ya ƙunshi ci da sha gaba ɗaya ba a zalunce shi ba.

Kanwa, ƙanjamau da kwanakin rikici

Abubuwa uku sun ƙara wa darasin nan nauyi a ƙasarmu. Na farko kunun kanwa, wanda ake sha don nono ya kawo. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin ɗaruruwan mata masu jego da zuciyarsu ta gaza, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka gano abin ya fi yawa a tsakanin matan Hausawa, ya fi tsanani a lokacin zafi, suka danganta shi da yawan gishirin da ke cikin kanwa, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kunun gyaɗa, tuwo da miyar ganye, wake, ruwa mai yawa da yawan tsotsa sun wadatar. In mai jego ta fara kumburi ko haki, a kai ta asibiti a ranar, kada a ce sanyi ne a ƙara mata wuta.

Na biyu cutar ƙanjamau. Da ta bayyana, an shiga ruɗani, an yi shekaru ana ba iyaye mata masu ɗauke da ita shawarar madara. Daga 2010 shawarar ta sauya: uwa ta riƙa shan maganinta ba fashi, ta shayar da nono zalla wata shida. Wannan ya shafi tsohuwar al'adarmu ta bai wa wata mace shayar da maraya. Al'ada ce mai kyau, shari'a ta yarda da ita, amma yau sai an yi gwaji tukuna. Kuma a rubuta wa ya sha nonon wa, don kada a wayi gari an ɗaura auren wa da ƙanwa.

Na uku, mu a Kafanchan mun ga kwanakin da ba ma fatan su dawo: Maris 1987, da 1999, da Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, da ƙarshen 2016. Duk wanda ya zauna cikin dokar hana fita ya san kanti ba ya buɗewa, ruwa mai tsabta da gawayin tafasa shi sukan yi wuya. A irin wannan hali jaririn da ke kan nono abincinsa yana tare da shi duk inda aka gudu. Na kan gwangwani kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Inda darasin yake ɓacewa

Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 1990 jariran da ke shan nono zalla ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. A 2003 suka kai 17, a 2008 suka sauko 13, a 2013 suka koma 17, a 2018 suka kai 29. An ci gaba, amma har yanzu bakwai cikin goma ana haɗa musu da wani abu, kuma mafi yawa ruwa ne. Shi ya sa a 2019 gwamnatin tarayya ta fito da gangamin hana bai wa jarirai ruwa. A shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida, abin da ke tuna mana da hukuncin Sayyidina Umar. Sai dai yawancin matan unguwarmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai ƙosai da mai ɗinki da mai tsince citta, hutunsu yana hannun mazajensu.

Binciken 2018 ɗin ya kuma nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai kai rabin haka ba. Wadda ta haihu a asibitin ma, in lafiya ta sauka, sau da yawa ba ta kwana biyu ake sallamarta. Darasin na 'yan mintoci ne, ana yi wa yarinyar da ta kwana tana naƙuda, nas ɗaya da mata da yawa. Daga nan ta koma gida kwana arba'in a hannun waɗanda ba su ji darasin ba, kuma a tarbiyyarmu ba ta isa ta musa wa uwar miji ba. A nan maganar take mutuwa.

Gyaran a hannunmu yake. Idan za a je awo, uwar miji ko uwar yarinya ta raka ta ko sau ɗaya, ta ji da kunnenta, ta yi tambayarta. Ranar sallama maigida ya tsaya ya saurara, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a miƙo masa takardar biya. In zai yi wa mahaifiyarsa bayani ya yi da ladabi, ya fara da abin da ta dace a kai, don ta dace a da yawa. Ungozomomin unguwa a jawo su jiki, har yanzu su ne farkon shiga ɗakin mai jego. Makarantun Islamiyya na matan aure su riƙa gayyato ma'aikaciyar lafiya idan an zo babin shayarwa. Ba sabon abu ba ne mata su karantar da mata, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi haka da jajinta na 'Yan Taru tun kafin rasuwarta a 1864. Mu 'yan kasuwa kuma, madarar jarirai tana da wurinta, ga maraya da wanda likita ya rubuta wa, amma kada mu zama masu zuga mai jego ta saya, kada kuma mu miƙa madarar shayi a ce ta jariri ce. Kuɗin gwangwanin in aka saya wa uwa abinci da shi, mutum biyu ne suka ci.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa bisa tafarkin Musulunci, Ya saka wa iyayenmu mata da ungozomominmu na da da na yanzu da alheri, Ya zaunar da garinmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.